Jan Iri

Shekarar da ambaliya ta cinye mana gonaki a Turawa, har rumbunan da muka adana iri sai da ta kwantar. Da wata daminar ta kusa, ƙungiyar agaji ta kawo irin gyaɗa ɓararre. Aka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa, aka yi musu bayani. Mu mata buhu kawai muka gani ya shigo gida.

Wanda bai san cikin gida ba ne zai yi haka. A wurinmu namiji ke shuka, amma mace ke tsince iri. Ta baza a faifai, mai kyau gefe guda, karyayye da motsattse gefe guda. Wannan na biyun nata ne, ba mai tambayarta, miya take yi da shi.

Na zauna tsinta sai na ga tafin hannuna ya yi ja. Na jawo buhun. Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau da yatsa nake bin rubutu, amma na haɗa abin da ke jikinsa: an sa magani, ba a ci.

Na ce da maigidana, "Malam, an gaya muku wannan?"

"An faɗa. To wa zai ci iri?"

"Karyayyen fa, ina kake zaton yake zuwa?"



Na ce ya bi gidajen unguwa yanzu ya gargaɗi mata. Ni ƙanwata ce ta faɗo mini a rai. Tana aure a Gwangwan, can Rogo, da 'ya'ya biyar, su kuma tun jiya aka raba musu. Na kira wayar mijinta, a kashe. Na hau acaɓa. Ruwa ya tafi da kwalbati a hanya, sai da na sauka muka tura. Ina tafe ina duban rana, don na san lokacin da take ɗora tukunya.

Na faɗa gidan ba sallama. Miya na tafasa, yara sun kewaye murhu da kwanuka.

"Yaya, lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Gyaɗar agaji ce a ciki?"

"Karyayyen ne. Sau uku na wanke jan."

"Wa ya ci?"

"Ni dai na ɗanɗana gishiri."

Na kama tukunyar da bakin zanena, na kifar a bayan ɗaki, na kori kaji, na rufe da ƙasa. Ƙaramar 'yarta ta fashe da kuka.

"Tun da kika koyi karatu da furfura kika fi kowa sani," in ji ƙanwata. "Watanmu nawa ba mu ga gyaɗa ba? Yanzu me zan ba su?"

Na gaya mata abin da ke jikin buhun. Muka kaɗa kuka da gishiri, yara suka ci suna ɓata rai. Ni idona na kanta. Ko goshi ta shafa sai in ce, "Jiri kike ji?"

"Kallonki ne ke sa ni jiri."

Har muka yi azahar ba abin da ya same ta. Na ce, "Mata nawa suka tsince iri yau a unguwar nan?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ɗauki mayafinta ta yi gaba, na bi ta zuwa gidan maƙwabta.