Direban Rami a Kan Titi

Na samu permi, wato lasisin tuƙi, ina da furfura, kuma ban taɓa cin abinci da shi ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi na zo Arlit ina saurayi. Na yi dako, na yi gadi, daga baya aka ɗauke ni aiki a ramin yuraniyom na Akokan. A can ƙarƙashin ƙasa na koyi tuƙi. Inji ne mai ƙaton cokali a gaba, yana kwasar dutse. Direbansa a kaikaice yake zama, gefensa ga hanya, don ya ga gaba ya ga baya da juya wuya kawai. Babu madubi. Kowace mahaɗar hanya ka zo, ka tsaya, ka danna oda, ka saurara. Wanda bai tsaya ba yana iya take ɗan'uwansa a cikin duhu.

Kamfani ya ba mu izinin tuƙi nasa. Iyakarsa bakin ƙofa. Matata ta sha ce mini, "Malam, ka je ka yi na gwamnati." Ni kuwa gani nake rami ba zai ƙare ba.

Ya ƙare. Aka rufe shi, aka sallame mu.

Wani Alhaji mutumin Tawa, mai kawo albasa da tumatir daga Agadas, ya tausaya mini. Ya ce ya sayi ƙaramar motar kaya, zai ajiye mini ita har ƙaramar salla. Amma ba zai ba ni makulli ba sai da permi, jandarmomi sun cika hanya.

Na shiga makarantar tuƙi. Malamin ɗan Damagaram ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Baba, gyara zama. Ni kake kallo ko hanya?"

"Haka na saba."

"To ni ba budurwa ba ce. Kalli gabanka."

In za mu yi baya, sai in juya jikina duka.

"Madubin nan ba na aski ba ne, Baba. Da shi ake ganin baya."

Alamomin hanya ba su ba ni wuya ba. Ban yi boko ba, amma ana nuna mini hoto ina riƙewa. Jikina ne ya ƙi. Kafin in yi tunani, ƙafata ta taka birki.

Masu jarrabawa daga Agadas suke zuwa, kuma ba kullum ba. Suka zo cikin azumi. Na ci ta alamomi, baki da baki, da Hausa. Sai ta tuƙi. Na tashi lafiya. Muka zo mahaɗar hanya kusa da kasuwa. Hanyar tawa ce, ba kowa. Na tsaya cik, na danna oda, na kasa kunne. Mai babur da ke bayanmu ya kusa shiga ƙarƙashin motar. Ya zage ni ya wuce.

Mai jarrabawa ya ce, "Malam, me ka gani?"

"Ba kome."

"To me ya tsayar da kai?"

Tsayuwar nan ita ta fitar da ni daga rami da raina shekara da shekaru. A kan titi ita ta kayar da ni.

Salla ta wuce. Alhaji ya ƙara mini haƙuri, amma tumatir ba ya jira. Ya ba wani motar. Ya zo har gida ya faɗa mini da bakinsa. Ban ga laifinsa ba.

Da masu jarrabawa suka dawo, na ci. Na kawo permin gida na miƙa wa matata. Ta juya shi, ta dubi hoton, ta ce, "Ka yi kyau." Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na zaga tasha, na zaga gareji. Ko'ina direbobin da aka sallama sun riga ni, kuma sun fi ni ƙuruciya.

Yanzu ina Akokan, ina gadin wani fili da ake ajiye motoci. In za a gyara musu tsayuwa, ni ake ba makulli. Nakan tuƙa daga wannan bango zuwa wancan.