Ranar da Hajiya Ta Rufe Mana Gas

Shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa aka tura ni wani ɗakin shan magani a ƙauye, bayan Buji. Babu wutar lantarki a garin. Firijin da muke ajiye maganin rigakafin yara da gas yake aiki, wata 'yar wuta shuɗiya ce take ci a ƙasansa dare da rana. A kowane wata akori-kura take kawo mana tukwanen gas daga babban sito a Dutse, ta sauke mana, ta wuce sauran ƙauyuka har wajen Taura.

Shugabar wannan sito wata dattijuwar nas ce, kowa Hajiya yake ce mata. Doguwa ce, 'yar asalin Fulanin yankinmu, ba ta da yawan magana. Sau biyu na taɓa ganin ta, duk a taro.

Wata Talata da damina, da hantsi, sai ga motar ta tsaya a ƙofarmu, ba tukunya ko ɗaya a bayanta. Hajiya ce ta fito. Bayan mun gaisa ta ce direba ya shigo da akwatin sanyinta. Da hannunta ta kwashe maganin da ke firijina ta zuba a ciki, ta cika gurbinsa da kwalaben ruwa. Sannan ta durƙusa ta murɗa kan tukunyar, wutar ta mutu.

"Malam," ta ce, "ka ɗauka daga yau babu gas a Dutse, babu a Kano, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Waɗannan kwalabe su ne maganin yaranka. Me za ka yi?"

"Ranki ya daɗe, ai ina da tukunyar ajiya."

"Kawo ta."

Na shiga ɗakin kaya da ƙarfin gwiwata. Ina ɗaga tukunyar na gane babu komai a ciki, don da hannu ɗaya ta taso. Wata biyar tana jingine a lungu, ban taɓa duba ta ba. Hajiya ta durƙusa a gaban tukunyar. Ta nemi sabulu da ruwa, ta kaɗa kumfa ta shafa a bakin tukunyar. Muna kallo 'yan ƙananan kumfa suka riƙa tasowa. Robar bakin ce ta tsage, gas ɗin ya daɗe yana zurarewa.

"To, babu tukunyar ajiya. Sai me?"

Na ce sai in kai maganin garin da ke hayin fadama, su ma suna da firiji. Ta ce in haɗa kaya. Nan ma asirina ya tonu. Robobin ƙanƙarar da ake jera wa magani in za a yi tafiya, biyu ne kawai suka daskare, domin na cika wurinsu da ruwan shan da nake sanyayawa. Babur ɗina kuwa ba zai iya laka ba. Na dubi motarta, ta girgiza kai.

"Ranar da gas ya yanke, fetur ma zai yanke. Babu mota."

Na tsaya a tsakar ɗaki ina neman mafita. Can na tuna da Ardon rugar da ke gabas da mu, dattijon da nake wanke wa gyambon ƙafa. Yana da amalanke da bijimai biyu. Na tafi da sauri na same shi a gindin tsamiya, na yi masa bayani.

"Likita, yanzu ruwan banza za mu ɗauka mu ƙetare fadama da shi?"

"Baffa, ruwa ne yau. Wata rana magani ne."

Ya yi dariya har da tari, amma ya tashi ya ɗaure shanun da kansa.

Abin da ban zata ba, Hajiya ta tattare zanenta ta hau amalanken tare da mu. Ta sa muka lulluɓe akwatina da jiƙaƙƙen buhu. Tafiyar da babur yake yi cikin rabin awa, sai da ta ci mu daga azahar har bayan la'asar. Sau biyu ƙafar amalanke tana nutsewa, mu sauka mu tura, ita ma ta sauka ta tura, laka har ƙwaurinta. Da muka isa ta buɗe akwatin ta zaro ma'aunin zafi ta miƙa mini. Ya haura layin da aka yarda da shi. Da magani ne, da duk ya lalace.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi da muka gano yau. Ba kai kaɗai ba ne, wuri na shida ke nan. Laifin ma daga wajena ya fara, ni nake aiko muku da tukwane ban taɓa aiko da sikelin auna su ba."

Ta gama zagayenta cikin daminar, sannan ta tara mu a Dutse. Ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da ta gani, ba ta kama sunan kowa ba. Wani kan tukunyarsa bai dace da na firijin ba. Wani ya tafi da makullin ɗakin kaya garinsu. Ta raba mana sikelin rataya da robobin bakin tukunya, ta ce duk Alhamis a auna tukwane a shafa musu kumfa. In gas ya yanke kuma, ƙananan wurare su kashe firijinsu, su kai magani da ragowar gas ɗinsu wurare huɗu da ta zaɓa. Kowa ya nemi abin hawan da ba ya shan mai. Da yawa sun fita suna gunaguni, wai tana gayyato masifa da bakinta. Ni kuwa na riga na ga ma'aunin nan da idona.

Bazara ta biyu bayan haka abin ya zo da gaske. Layin motoci a gidajen man Dutse ya kai inda ido ba ya gani, kananzir ya ɓace, mata a unguwar Yalwawa suka koma murhun garin katako. Akori-kura ta daina zuwa. Ga ƙyanda ta ɓulla a rugage.

Ban jira saƙo daga kowa ba. Da sikeli ya nuna tukunyata ta sauko rabi, na jera ƙanƙara takwas, na aika wa Ardo. Bayan sallar asuba muka kama hanya, tukunyar ajiya cike tana ɗaure a bayan amalanke. Fadama ta bushe, kafin rana ta yi zafi mun isa. Na tarar da abokan aikina uku sun riga ni, ɗaya a kan jaki, biyu a kan keke. Na buɗe akwati, ma'auni yana inda ake so. Firiji ɗaya ya riƙe maganin wurare biyar har kusan wata biyu, muna zuwa muna ɗiba duk ranar allura.

A ɗaya daga cikin ranakun, muna rugar Ardo mata sun yi layi da goyo, sai ga Hajiya a bayan keken wani malamin makaranta. Motar haya ta sauke ta a bakin titi, ya rage mata hanya. Ta zauna a tabarma tana karɓar yara tana riƙe mini hannuwansu, tana lallashin iyayen da Fillanci. Da layi ya ƙare uwargidan Ardo ta kawo mana fura da nono a ƙwarya. Ta sha, ta goge baki, ta dube ni.

"Yara nawa suka rage a wancan tsallaken?"

"Yaran ruga biyu, ranki ya daɗe."

"To, sha furarka mu tafi kafin ƙanƙarar ta narke."