Sallar da na yi a kan ƙwan kunkuru

Ina sallame la'asar na ga wata tsohuwa tsaye a kaina da rigar ma'aikata, ta zuba min ido.

Wani tsibiri ne da gwamnati ta killace. Mutumin da nake sarin wandunan jins a wurinsa a Xintang, kusa da Guangzhou, ne ya kai mu shan iska, mu abokan cinikinsa. Bakin teku ya cika da jama'a, sai na tsallake wata igiya na shimfiɗa darduma inda babu kowa.

Shekarata tara a Guangzhou, na gaji da kallo. Ka zauna a jirgin ƙasa a matsa nesa da kai, mai tasi ya hango ka ya ƙara wuta. Raina ya ɓaci, na rubuta a waya ta fassara mata: "Iya, ba ki taɓa ganin baƙin mutum ba ne?"

Ta karanta, ta karɓi wayar ta rubuta: "Ƙwan kunkurun teku ne a ƙarƙashin shimfiɗarka, sun kusa ƙyanƙyashewa."

Na sake rubutawa, na ce to me ya hana ki tashe ni tun ɗazu?

Ta rubuta: "Na ga da Ubangijinka kake magana."

Na naɗe darduma, ita kuma ta durƙusa tana lallaɓa yashin da yatsu, daidai inda gwiwoyina suka lotsa. Ban iya tsayawa na ji ko sun fashe ba.

An sha wulaƙanta ni a ƙasar nan, ba ƙarya. Amma ranar ni na yi wulaƙancin, kuma ko haƙuri ban ba ta ba. Jama'a, da ku ne, za ku koma ku nemo ta?