Ranar da ƙafar Baldomero ta kumbura

Shekara talatin da ɗaya Fuensanta tana cin abinci da tafin hannunta. Ba ta waƙa, ba ta rawa. Tafi kawai take yi wa mijinta Eulogio idan yana rera waƙa a gidan abincin Anselmo, duk Lahadi da rana. Wanda bai sani ba zai ce ai kowa ma ya iya tafi. To, ya zo ya gwada. Bugu ɗaya za ka kuskure mawaƙi ya yi tuntuɓe, kuma mutanen garinmu ba sa yafe wannan. Ko tsohuwar da ke tsotsar zaitun a lungu, ƙirga bugun take yi.

Shekara biyu ke nan kunnenta na mutuwa, ba ta gaya wa kowa ba, har mijin. Ta san Anselmo na da 'yar ƙanwa mai zafin hannu da yake neman inda zai cusa ta. Sai ta samo dabara: ta kafa wa ƙafar Baldomero mai jita ido, in ƙafar ta sauka ta tafa.

Ran nan Baldomero ya shigo yana dogara sanda, ƙafar ta kumbura, an naɗe ta da bandeji kamar jinjiri. Ya ɗora ta kan kujera, masu cin abinci na tsokanarsa wai yawan cin jatan lande ne ya sa shi gaba. Fuensanta ta yi dariya tare da su, tana tunanin yau babu ƙafar da za ta bi.

Gidan ya cika maƙil. Ƙananan farantai na ta yawo, soyayyen kifi, gauta da zuma, wainar ƙwai da dankali. Anselmo ya ɗaga hannu, aka daina kai abinci, cokula suka kwanta. Ya jingina da kantar gidan ya harɗe hannu, idonsa a kan Fuensanta.

Baldomero ya taɓa jita. Abin da ya iso kunnenta guna-guni ne kawai, kamar ana hira a bayan bango. Ta duba yatsunsa, sun yi mata sauri. Ta fara tafi a hankali, da ka. Bugu shida, bakwai, sai ta ga wani tsoho a teburin gaba ya yamutsa fuska ya dubi na kusa da shi. Ta kauce ke nan. Tsoro ya kama ta, ta ga Anselmo ya ɗago daga jikin kantar.

Eulogio bai yanke waƙarsa ba. Ya jawo kujerarsa ya karkata, ya ba rabin jama'a baya, ya dunƙule hannu ya shiga ƙwanƙwasa tebur daidai saitin idonta. Ta bi hannun, tafin ya hau hanya. Jama'a suka ɗauka sabon salo ne, har da masu jinjina.

Da aka ci gaba da kai abinci, ta sunkuyo ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Kunya ta hana ta kallonsa.

Ya kamo haɓarta ya juyo da fuskarta, don ta ga bakinsa.

"Tun bara, tsohuwa. Ina kika ɗauka na samu ƙarfin halin zaginki daga kicin kullum?"