Madam Zuwaira ta tafi, amanar matan Yauri tana nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske ni yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa. Madam Zuwaira ta rasu.

Kuma ba daga bakin ɗanta na ji ba, ba daga maƙwabta ba. Wani Dokta ne ya kira ni daga Damagaram, shugaban taron masana kiɗa da rawa da za a yi can ƙarshen wata, wanda suke ce wa kolok. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Ya ce, "Madam Mariyama, ya haƙuri? Allah ya yi wa Madam Zuwaira rasuwa da asuba, a asibiti nan wajenmu."

Na zauna a bakin gado. Ban gama salati ba na ji ya yi gyaran murya. "To, dama... kwamfutarta fa, tana hannun wa?"

Gawar ko barin Damagaram ba ta yi ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Madam Zuwaira malamar tarihi ce, tare muka koyar nan Matameye har ta ajiye aiki. Lokacin da aka turo ni garin nan ban san kowa ba, ita ta share mini ɗaki a gidanta, ta ƙi barina in hura wuta har na sami nawa wurin. Shekarar da maigidana ya rasu ita ta riƙe mini azuzuwana a kan nata. Kullum da yamma sai ga ta da kwaɗon zogale, ta zauna ta tsare ni da ido sai na cinye.

Akwai ranar da wata ɗaliba ta miƙe a aji, zanenta ya ɓaci ta baya, maza suka fara ƙus-ƙus. Madam ta cire mayafinta ta yafa mata, ta ce, "Je ki ɗauko mini alli a ofis," ta ci gaba da darasi kamar ba a yi komai ba. Allin yana cike a aljihun teburinta.

Irin wannan mata ce.

Tun tana koyarwa take bin gidajen biki a garuruwan da ke kusa da mu, Yauri da Icirnawa da Kance, tana zama cikin mata inda ake kiɗan ƙwarya, can cikin gida inda namiji ba ya leƙawa. Abin da ta gano, kuma shi za ta kai wa taron, shi ne a wannan kiɗa ba mai rawa ce ke bin ƙwarya ba. Makaɗiya ce ke kallon ƙafar mai rawa tana binta. In mai rawa ta ja, kiɗa ya ja, in ta karya, ya karye. Don haka duk wanda ya rubuta kiɗan a takarda da alamomin Turawa bai ga ƙafar ba, rabin magana ya rubuta.

Don ta tabbatar wa kanta, ta ɗauki bidiyo da yawa. Matan sun yarda ne bisa sharaɗi guda, kuma a gabana aka yi wasu daga cikin alkawuran: namiji ba zai gani ba. Mata ne a tsakar gidansu, ɗankwali ya zame, zane ya koma ƙirji, ana shewa ana zolayar juna. A cikinsu akwai wadda yanzu matar limami ce. Akwai wadda mijinta bai ma san ta je bikin ba. Kun san abin da bidiyo ɗan ƙarami ke yi in ya faɗa salular mutane a garuruwan nan. Kafin magariba ya gama gari, wata ta kwana gidan iyayenta.

Dokta ya san da wannan sharaɗi. Ya sani sarai, domin tun damina yake matsa mata. Wai in ba a haska bidiyo a zauren taro ba, maganarta ba ta da hujja. Wai za su rufe fuskoki.

Za su rufe fuskoki! A Yauri? Inda ake gane mace da zanenta, da tafiyarta, da turmin da ke bayanta?

Da ta ƙi, sai aka kai jawabinta rana ta ƙarshe ta taron, bayan cin abinci, lokacin da manyan baƙi suka riga suka hau mota. Yau kuma da ta rasu, Dokta yana gaya mini da sunanta za a buɗe taron, za a rataya babban hotonta. Na tambayi kaina, me ya canza tsakanin jiya da yau? Ilminta bai ƙaru ba. Abu ɗaya ne ya canza: mai cewa a'a ba ta nan.

In zatona ya zalunce shi, Allah ya yafe mini. Amma na karanta isassun littattafai da hotunan kakanninmu a ciki, ba riga, ba suna, ba wanda ya tambaye su. Kowane ɗaya daga masu ɗaukar hotunan nan cewa ya yi don ilmi ne.

Ganina da ita na ƙarshe makon jiya ne. Na same ta a tsakar gida ta kifa ƙwarya cikin ruwa a babban baho, tana gwajin abin da za ta yi a taron. Ta ce, "Yauwa, ga 'yar rawa ta zo. Tashi."

Na ce, "Yaya, da waɗannan gwiwoyin?"

Ta ce, "Tashi dai, ba gasar kyau ba ce."

Na taka iya takawata, tana bina da kiɗa tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Mariyama, ƙafar nan taki ta yi karatu da yawa, sai ta yi tunani kafin ta sauka."

Da muka zauna na ce mata, in suka dage sai da bidiyo fa? Ta ce, "Sai in tattara kayana in dawo gida. Fushin Dokta na kwana biyu ne. Matan Yauri kuwa da su zan tashi gaban Allah."

Ta ce kanta na ɗan sara mata. Na ce ta je a auna jininta. Ta ce bayan taro.

An kawo ta kafin azahar, an kai ta makwancinta. Muna zaune cikin gida ana karɓar gaisuwa sai ga Inna Kande, tsohuwar makaɗiyar ƙwarya ta Yauri, ta sauka daga kabu-kabu, ƙura har gira. Ta yi gaisuwa, ta yi kukanta, sannan ta matso ta riƙe mini hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Madam, rawarmu fa?"

Tun a hanya, ta ce, mata ke tare ta suna tambaya.

Ba a jima ba Lawali, babban ɗan marigayiya, ya aiko a kira ni zaure. Idonsa jawur. Ya ce, "Tanti, Dokta ya kira ni. Gobe zai zo gaisuwa, ya ce in haɗa masa kwamfutar Mama. Tanti, ni ma ina so duniya ta san aikinta. Shekara da shekaru ana ce mata mai yawon gidajen biki."

Gaskiyarsa. Na ji ana faɗa, har a ɗakin malamai.

Na ce, "Lawali, ka taɓa ganin abin da ke ciki?"

Ya ce, "A'a. Ba ta taɓa bari ba."

Na ce, "Kai da ta haifa ke nan."

Ya shiga ɗakinta ya fito da jakar kwamfutar, ya miƙo mini da hannu biyu, ya juya da sauri don kada in ga fuskarsa.

Na kai wa Inna Kande. Ta ɗaga shimfiɗar da take kai, ta tura jakar, ta gyara zama.

To Dokta, na san za a kai maka wannan rubutu kafin ka taso, shi ya sa na yi shi a fili. Ka zo gaisuwa, za a shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gida kamar kowa. Takardar da ta rubuta tata ce, za a ba ku, in kuna son mai karantawa ni zan zo in karanta, ko da a rana ta ƙarshe ne bayan cin abinci. Bidiyon kuwa, bayan addu'ar bakwai za mu je Yauri da sauran garuruwan, kowace mace ta faɗi abin da za a yi da nata. Wadda ta ce a goge, a gabanta za a goge.

Kafin nan kwamfutar tana ɗakin mata, Inna Kande na zaune a kanta. Mai so ya shigo ya ce wa tsohuwa ta tashi.

Allah ya jiƙan Zuwaira, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta. Yadda ta rufa wa mata asiri, Allah ya rufa mata nata ranar da ba mai rufawa sai shi. Ya ba Lawali da ƙannensa haƙuri, ni kuma ya sanyaya mini wannan zuciyar.

Duk wanda ya karanta, musamman ɗalibanta da ke ko'ina, don Allah kada ku tsaya a danna alamar kuka. Ku ɗaga hannu ku yi mata Fatiha.