Kat-kat a Cikin Tabki

Jama'a, yau na jefa motar mutane cikin tabkin Madarumfa! Allah Ya yafe mini, bakina ne ya jawo.

Kun san tsohuwar motar da marigayi Baba ya bar mana, wadda ba ta tashi sai an tura. Inna ta hana a sake ta, ga damina ta matso. Sai yau Alhaji Sani, dillali daga Maradi, ya kawo mana doguwar kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, ko Inna za ta yarda. Ya tsayar da ita ƙofar gida, kan gangaren tabki.

Ya ce, "Malam Habu, ka iya ta?"

Na ce, "Haba Alhaji! Ni?" Wallahi ban taɓa shiga irinta ba.

Na zauna, na saki birkin hannu, ina laluben wurin makulli, na ce, "Bismillah!" To, a gidanmu wannan ita ce alamar turi. Ƙannena uku suka dafa ta baya da ƙarfinsu. Kafin ƙafata ta sami birki, sai tsundum! Ruwa har ƙofa! Masunta suna ta dariya.

Alhaji ya naɗe wando, ya shigo, ya ce, "Matsa, gwani." Ya tayar, ya ja wani ɗan guntun ƙarfe kusa da giya. Sai ga mota ta fito da baya, tana zubar da laka!

Inna ta zagaya ta, ta ce, "Wadda ta fito daga tabki da ƙafarta za ta kai ni garin Gabi da damina. A saya."

Na fara murmushi.

Ta ce, "Amma a ba ɗaya daga ƙannenka makullin."