Hankakan Da Ya Jawo Mini Sunan Mayya

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi ina ganin yadda mutane ke sauke abin da ke ransu. Yau ni ma na ce bari in sauke nawa, ko da yake ban sa ran zai gyara mini komai ba. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni mace ce mai shekara talatin da wani abu, 'yar Kudancin Kaduna, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina zaune a gidan haya a Romi, irin mai ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa. Mijina ya rasu bayan doguwar jinya, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba. Kowa a unguwa yana murna wai ƙasa za ta gyaru, ni kuwa a cikin wannan murnar aka rage ma'aikata, har da ni. Na koma suyar ƙosai da dama kunu a bakin titi da safe. In na dawo na shiga ɗaki, babu mai yi mini magana sai rediyo.

A farkon daminar nan aka yi wata iska mai ƙarfi da ta yaye kwanon gidaje. Da gari ya waye, ina ɗiban ruwa a rijiyar da ke bayan gidanmu, sai na ji wani ɗan kuka a gindin mangwaro. Ɗan hankaka ne ya faɗo tare da guntun sheƙarsa, jiƙe sharkaf, gashinsa bai gama fitowa ba, tururuwa har sun fara hawansa. Ban yi wani tunani ba na sa shi a gefen zanina. Na shimfiɗa masa tsumma a kwali kusa da murhu. Ban san abin da yake ci ba, sai na riƙa gwadawa: tuwo jiƙaƙƙe, gwaiduwar ƙwai, ƙwarin shinge da ke fitowa bayan ruwa, guntun hanjin kaza daga wurin masu fiɗa. Duk abin da na sa a tsinke sai ya wangame baki ya haɗiye. Wata tsohuwa da ke zaune a ɗakin ƙarshe ta leƙo ta gani, ta ce mini in mayar da shi inda na ɗauko, ba a ajiye irin wannan tsuntsu a ɗaki. Na yi dariya na ce ai halittar Allah ce. Gaskiyar magana ita ce, tun rasuwar mijina ba a taɓa samun wani mai rai da yake jiran dawowata ba sai shi.

Ya girma da sauri. Gashinsa ya fito baƙi wuluk yana ƙyalli, ƙirji da wuya fari fat, har masu zuwa sayen ƙosai suka laƙaba masa suna Fada, wai ya sa rigar limamin coci. Na koya masa zuwa in na tafa hannu. Da farko daga bakin kwali zuwa gwiwata, daga baya daga kan katanga, har ya zama ko yana can ƙololuwar mangwaro in na tafa sai ya sauko kafaɗata. Ban taɓa ɗaure shi ba, ban yanke masa fiffike ba. Da safe yana bin kaina a sama har wurin suya, ya zauna kan falwaya yana jiran guntattaki. Yana kwaikwayon tarina, yana kwaikwayon ƙarar ƙofata. Na sake koyon dariya saboda tsuntsun nan.

A ɗakin da ke kallon nawa akwai wata tela 'yar Filato da mijinta direban tanka, wanda yakan yi kwanaki a hanya. Suna da 'ya ɗaya tilo, ba ta isa shiga makaranta ba, tana kirana Mama Ƙosai. In uwarta na kan keken ɗinki, yarinyar a ɗakina take wuni. Ni nake mata wanka wani lokaci, ni nake mata kitso. Ita da Fada kuwa ba a raba su. Takan riƙe ƙosai a tafin hannu ya sauko ya ɗauka, ta fashe da dariya har ta faɗi zaune. Uwar kanta takan ce na rage mata aiki, Allah ya saka mini.

Akwai wani halinsa da na gano na yi shiru a kai. Hankaka yana son abu mai ƙyalli. Cokali ƙarami, maɓalli, murfin kwalba, duk abin da bakinsa ya iya ɗauka sai ya kawo ya cusa a wani rami tsakanin bangona da silin. Wata rana ɗan kunnen yarinyar guda ya ɓace, uwar ta share gidan kaf tana faɗa, ni kuwa na san inda ya fi yiwuwa yake. Na ji tsoron in na fito da shi za a taru a ce in rabu da tsuntsun, sai na ce a raina zan saya mata wani in na samu sarari. Na bar abin a can.

Wajen ƙarshen damina yarinyar ta kama zazzaɓi. Aka sayo magani a kemis, zazzaɓin ya sauka, ya dawo. Ta fara rama, ta daina cin abinci. A lokacin ne na lura mata suna yin shiru in na iso rijiya. Tsohuwar ɗakin ƙarshe ta fara faɗa wa mutane wai ta ga tsuntsun yana sauka a kan rufin ɗakin yarinyar yana kuka, wai ta ji shi yana tari da muryar mutum. Aka tuno cewa mijina ma a tsaye ya bushe kafin ya mutu, aka tuno ba ni da ɗa. Uwar ta daina barin yarinyar ta tsallako ɗakina. Na kai mata kunu, ta karɓa ba ta dube ni ba, daga baya na ga ta zubar a kwata.

Da na ga haka sai na yanke shawarar rabuwa da shi. Na sa shi a kwali na hau mota har bayan Rido, inda gonaki suke, na buɗe na kore shi da jifa ina kuka. Na juyo gida zuciyata kamar an cire mini wani abu. Ina shigowa unguwa na hango mutane tsaye a ƙofar gidanmu suna kallon sama. Fada yana zaune kan rufin ɗakina, ya riga ni isowa. Waɗanda suka ga fitata da kwali su ne suka ga dawowarsa, daga ranar kuma babu wanda ya sake yarda cewa tsuntsu ne kawai.

Sai da jikin yarinyar ya yi tsanani aka kai ta asibiti, kuma a can ta cika. Da aka dawo da gawar gida, na ji kururuwar uwar tun daga bakin titi, na bar mai a kan wuta na rugo. Ko ƙofarsu ba a bar ni na kai ba. Bayan an dawo daga jana'iza, 'yan'uwan uban da samarin unguwa suka shigo ɗakina suka ce za su duba. Suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatina, wani ya hau kujera ya sa hannu a ramin silin. Abin da ya zubo ƙasa shi ne ɗan kunnen yarinyar, da dutsen kitsonta mai silin gashi a jiki, da maɓallin rigarta, da ƙananan ƙasusuwan kaza. Uwar ta durƙusa ta ɗauki ɗan kunnen, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mama, me na yi miki? Ita kaɗai gare ni." Na buɗe baki in yi bayani, amma wane bayani? Na ce tsuntsun ne ya ɗauko. Wani ya ce ai sun sani, tambayar ita ce wa ya aike shi.

Suka fito da ni tsakar gida. Fada yana kan mangwaro, jifa ba ya samunsa. Wani cikin samarin ya ɗora mini gora a kafaɗa ya ce in kira shi ko su fara da ni. Edita, na tafa hannu. Ya sauko kamar kullum, ya zauna a kafaɗata yana goga kansa a kuncina. Daga nan suka cafke shi. Ba zan rubuta abin da suka yi masa ba. Mai gidan hayar ne ya shiga tsakani ya hana a taɓa ni, ba don ya yarda da ni ba, sai don kada a zubar da jini a gidansa. Ya ce mini, "Madam, ki nemi wani wuri kafin Lahadi."

Na je wurin dattawan ikilisiyarmu ina tsammanin su za su tsaya mini, tun da na yi shekaru a zumuntar mata ina waƙa. Suka zaunar da ni a tsakiya suka ce in tuba in fallasa abokan tafiyata. Na rantse da Littafi, suka ce mai irin wannan aiki ba ya jin nauyin rantsuwa. Har sunan da mutane suka sa wa tsuntsun aka juya a kaina, wai na yi wa bayin Allah ba'a. Faston ya kira ni gefe ya ce shi a ransa bai gamsu da zargin ba, amma in daina zuwa sujada tukuna har ƙura ta lafa. Ba ta lafa ba. Kaskona ya yi ta ƙuna a bakin titi babu mai saye. Na tafi ƙauye, na tarar labari ya riga ni. Dangin mijina suka ce yanzu sun gane abin da ya ci ɗansu. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta ba ni wurin kwana a ɗakin ajiyar hatsi, ta kwashe 'ya'yanta ta kai gidan surukarta.

Bayan shekaru na haɗu da uban yarinyar a tashar mota. Ya tsufa, ni ma haka. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya ce tun a asibiti likita ya gaya masa taifod ne, daga ruwa, kuma an makara wajen kawo ta. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a ranar da aka fito da ni tsakar gida. Ya ce matarsa ce ta yi ta jinkirta zuwa asibiti yana hanya, in ya faɗi gaskiya laifin zai koma kanta, da kuwa ba za ta rayu ba. Ya roƙe ni in yafe. Na ce masa ya je ya faɗa a Romi, a gaban waɗanda suka gani. Motar da zai hau ta tashi tafiya, ya shiga.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. In kina zaune ke kaɗai, ba miji ba ɗa, ki sani duk abin da kika yi daban da na mutane ana ajiye miki shi ne har ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa mutuwa. Kada ki ɓoye ƙaramin abu don tsoron ƙaramar magana. In kun tsinci ɗan tsuntsun daji, ku ɗora shi a reshe ku wuce, domin in ya saba da hannunku ba ya iya komawa, kuma ba ku da ikon kare shi. Ku kuma da yaro ya kwanta muku, ku kai shi asibiti kafin ku fara duban maƙwabta. Sunan da kuka sa wa mutum cikin zafin rashi ba ya goguwa ko da gaskiya ta fito, don gaskiyar a kunne ake faɗarta, ƙaryar kuwa a tsakar gida aka yi shelarta.

Yanzu ina zaune a Trikania, inda ba wanda ya san ni sosai. Matar ɗakin da ke jikin nawa ta haihu kwanan baya. Jiya ta fito da jaririn ta miƙo mini ta ce, "Kaka, riƙe mini shi in sauke tukunya." Na ɓoye hannuwana a cikin zani na ce mata ina mura.